Baburan Faransa: daga Terrot zuwa Voxan, su wa suka mutu, su wa suka rage?

Tambaya: Assalamu alaikum. Musu ne ya ƙi ƙarewa a majalisarmu a Maraɗi. Kowa ya san motar Faransa, Peugeot da Renault da Citroën, amma babur kullum sai ka ji na Japan ne, ko Indiya, ko China. Idan an zo kan Turai sai a ce BMW ko Ducati. Shin Faransawa ba su taɓa ƙera babur ba ne in ban da mobilet? In sun ƙera, ina kamfanonin suka shige? Kuma akwai wanda mutum zai iya saya a yau?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, duk wanda ya tsaya a kan cewa Faransawa ba su ƙera babur ba, shi zai biya kuɗin shayin gobe. Sun ƙera, sunayen kamfanoninsu ma sun kai ɗaruruwa. Dalilin da ba ku jin su shi ne mafi yawan waɗanda suka kai shekarun 1950 sun mutu kusan lokaci guda, tsakanin 1956 da 1962, sannan duk wanda ya yunƙuro daga baya don ya ƙera babban babur na titi ya kara da BMW ko Honda ƙasa ya sha. A ganina gwanintar ƙira ba ta taɓa yi musu ƙaranci ba, wani lokaci ma yawa take musu. Jari da yawan ciniki da dillalai da kayan gyara, nan ne kullum suke faɗuwa.

Siffar babur ɗin da kake hawa yau, inji a ƙasa tsakanin taya biyu, a Paris aka daidaita ta. Wasu 'yan'uwa biyu da suka zo daga Rasha, Michel da Eugène Werner, sun fara sayar da keke mai inji a 1897. Injin a saman tayar gaba suka ɗora shi, yana juya ta da bel, don haka nauyin duk yana sama, in hanya ta jiƙe kwana kaɗan sai mutum ya ji shi a ƙasa. A 1901 suka sauko da injin wajen feda. Nan take babur ya zauna da kyau, har nasu ya ci tseren Paris zuwa Vienna a 1902, sauran maƙera suka bi sahu. Wajen 1908 kamfanin ya shuɗe bayan rasuwar su biyun. A daidai wannan zamanin De Dion-Bouton na sayar wa maƙeran ƙasashe da dama ƙananan injuna, Peugeot ma da injin De Dion-Bouton ɗin ya nuna abin hawansa na farko na wannan fanni a 1898.

Lokacin da suka yi tashe sosai shi ne tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Babbansu a wancan lokaci ba a Paris yake ba, a Dijon yake, sunansa Terrot. Asalinsa kamfanin injin saƙa ne, ya koma keke, ya fara babur a 1902, kafin 1930 ya ƙera fiye da 100,000. Ya haɗiye Magnat-Debon na Grenoble a farkon shekarun 1920, ya ci gaba da sayar da kusan babur iri ɗaya da suna biyu, don ya samu dillalai biyu a gari ɗaya. Wannan dabara ta zama ruwan dare a Faransa: Motobécane yana da Motoconfort, Peugeot ya tattara Griffon da Automoto. Saboda haka in ka ga jerin sunaye ɗaruruwa kada ka ɗauka masana'antu ɗaruruwa ne. Wasu tambari ne kawai a jikin tanki.

Wasu kuma masu haɗawa ne. Mutum yana da shagon keke a Lyon ko Saint-Étienne, ya iya lanƙwasa bututu da walda, sai ya sayi inji daga JAP ko Villiers na Ingila, ko MAG na Switzerland, ko Chaise na gida, ya sayi giyabos a wani wuri, ya haɗa, ya rubuta sunansa. Haka New-Map da Ravat da Radior da Styl'son da makamantansu suka rayu. Doka ma ta taimaka musu, domin tun shekarun 1920 ƙaramin babur da bai wuce cc 100 ba, nauyinsa bai wuce kilo 30 ba, gudunsa bai wuce kilomita 30 a awa ba, kuma yana da feda, ba ya bukatar lasin. Ka riƙe wannan, domin dokar lasin ita ta raya ƙananan baburan Faransa, ita ce kuma ta sa hannu a mutuwar matsakaitan.

Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Monet-Goyon na garin Mâcon. Joseph Monet da Adrien Goyon sun kafa shi a 1917, ana tsakiyar yaƙi, kuma ba babur suka fara yi ba. Keken guragu mai taya uku suka fara, wanda ake murzawa da hannu, saboda dubban sojojin da ke dawowa daga fagen daga babu ƙafa. Daga nan suka liƙa masa ɗan inji, daga nan suka karɓi lasin ƙera injin Villiers, sai ga su cikin manyan maƙeran ƙasar. A 1929 suka sayi Koehler-Escoffier na Lyon, ƙaramin kamfani mai manyan injuna, wanda ya yi wani mai cc 1000 da salansa huɗu. Da irin wannan injin, bayan an ƙara masa wuta, Georges Monneret ya yi ta lashe tseren hawan tudu a tsakiyar shekarun 1930. Monet-Goyon ya rufe a 1959.

Sai Gnome & Rhône. Waɗannan injin jirgin sama suke ƙerawa, da yaƙin farko ya ƙare odar soja ta tsaya sai suka nemi abin da za su ba ma'aikatansu. Suka fara da lasin babur ɗin ABC na Ingila a 1920, daga baya suka yi nasu. Waɗanda suka fitar a shekarun 1930 silinda biyu ne a kwance, ɗaya dama ɗaya hagu, ƙarfi yana zuwa tayar baya ta farfela maimakon sarƙa, firam ɗin kuma farantin ƙarfe ne da aka matse a inji. Wanda bai sani ba zai rantse BMW ne. A 1939 mai cc 750 ɗinsu ya yi ta zagaye a filin tseren Montlhéry dare da rana, mahaya na karɓeɓeniya, har ya cika kilomita 50,000 a matsakaicin gudun da ya haura kilomita 100 a awa. Na soja kuwa, AX2 mai cc 800, yana da kwandon gefe wanda tayarsa ma inji ke juyawa, don ya fita daga taɓo. Da Jamus ta mamaye Faransa kamfanin ya ci gaba da aiki a ƙarƙashinta, bayan yaƙi gwamnati ta ƙwace shi a 1945 ta mai da shi SNECMA. Suka koma 'yan ƙananan babura na cc 125 zuwa 200, a 1959 suka bari gaba ɗaya, suka tsaya kan injin jirgi. René Gillet na Montrouge, wanda manyan baburansa na cc 750 da 1000 suka daɗe a hannun soja da 'yan sanda, shi ma a wannan tsakanin ya ƙare.

Akwai biyu da nake so ka nemi hotonsu, domin baki ba zai iya kwatanta su yadda ya kamata ba. Na farko Majestic, ƙirar Georges Roy ta 1929. Tun daga fitila har tayar baya a rufe yake da farantin ƙarfe mai tsage-tsagen shan iska, injin yana ciki, sai ka ɗaga murfi kamar na mota kafin ka ga fulogi. Ba shi da fok irin wanda muka sani. Tayar gaba a kan cibiyarta take juyawa, sandar ƙarfe ce ke haɗa ta da kan babur. Yau ma wannan tsari sai a 'yan tsirarun babura masu tsada. Wajen 100 kawai aka yi, domin kusan da hannu ake yin kowane ɗaya, injin kuma yana ɗaukar zafi a cikin akwatinsa. Na biyu MGC, na Marcel Guiguet, a wani ƙaramin gari mai suna Corbelin. Shi kuma ya ƙi bututu gaba ɗaya. Zubin aluminiyam ya yi gida biyu: na sama shi ne ƙashin baya kuma shi ne tankin fetur, na ƙasa yana riƙe da inji da tankin baƙin mai, sandunan ƙarfe suka haɗa su. A 1929 ke nan. Manyan kamfanoni sai da aka yi shekaru hamsin da ɗoriya kafin su rungumi firam na aluminiyam. Shi kuwa 'yan ɗaruruwa ya sayar, saboda tsada da kuma wahalar zubi a wancan zamani.

Bayan 1945 kasuwa ta sake buɗewa, mutane na bukatar abin hawa, mota kuma ta yi wuyar samu. Masu cc 125 da 175 suka cika ƙasar kamar jamfa a Jos. Kamfanoni biyu, AMC na Clermont-Ferrand da Ydral na kusa da Paris, su ke ba masu haɗawa inji, irin su Guiller da Gima da Follis da Favor. Har Derny, mai 'yan baburan nan da ke shiga gaban 'yan tseren keke suna kare musu iska, ya fito da wani mai suna Taon, wanda fitila da tanki suka zama jiki ɗaya. Roger Tallon ne ya zana shi, mutumin da daga baya ya yi aiki a kan ƙirar jirgin ƙasan TGV.

Sai abubuwa huɗu suka haɗu musu cikin shekara biyar. Na ɗaya, mota mai araha. Renault 4CV da Citroën 2CV sun fito tun ƙarshen shekarun 1940, zuwa tsakiyar 1950 na hannu sun fara yawa, magidanci kuwa da ya ga zai ɗauki iyali ruwa bai taɓa su ba sai ya jingine babur. Na biyu, yaƙin Aljeriya daga 1954 zuwa 1962. Samarin da ke sayen babur su ake kwashewa aikin soja na dole, wasu har wata 27. Na uku, a 1958 aka wajabta inshora, aka kuma ce mai cc 125 ma sai da lasin. Na huɗu, kasuwar bai-ɗaya ta Turai ta fara aiki a wannan shekarar, shingen kwastan ya fara sauka, kayan Jamus da Italiya suka shigo. Mai haɗa babur da sayayyen inji ba shi da ajiyar da zai jure shekara biyu babu ciniki. Jonghi ya tafi, Derny ya tafi, Terrot da girmansa ya faɗa hannun Peugeot, a 1961 aka daina babur a Dijon. Ka lura, duk wannan ya faru kafin Honda ya yi ƙarfi a Turai. Mutane na yawan cewa Japanawa ne suka kashe baburan Faransa, alhali sun zo sun tarar an riga an yi jana'iza.

Ratier ne ya yi ƙoƙarin riƙe babban babur har ƙarshe. Asalin abin, da Jamusawa suka gudu sun bar tarin kayan gyaran BMW, sai aka kafa wata ma'aikata a 1945 tana haɗa wa 'yan sanda babura da su. Da kayan suka ƙare aka fara ƙera irinsu da sunan CEMEC, a tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Ratier mai yin farfelar jirgin sama ya karɓa. C6S ɗinsu mai cc 600 shi ne ya yi wa Janar de Gaulle rakiya. Amma mai saye ɗaya gare su, gwamnati. Da jandarmomi suka juya ga BMW na asali, a 1962 aka rufe layin.

Abin da ya tsira shi ne wanda bai kai cc 50 ba, domin shi doka ta ƙyale babu lasin, yaro ɗan shekara 14 ma yana iya hawa. Nan mobilet ɗinku ya shigo. Motobécane, wanda Charles Benoît da Abel Bardin suka kafa a Pantin a farkon shekarun 1920, ya fito da Mobylette a 1949, kuma kafin a daina shi a 2002 an yi wajen miliyan 14. A tsakiyar shekarun 1970 suna fitar da kusan 750,000 a shekara. Abokin tafiyarsa VéloSoleX ya fi shi sauƙi ma. Keke ne baƙi, ɗan inji na zaune a saman tayar gaba, babu sarƙar inji, babu giya. Ƙarƙashin injin akwai ɗan mulmulallen dutse mai kaushi. Ka taka feda, ka tura wani hannu gaba, injin ya sauka, dutsen ya dafe taya, sai ka ji ya kama. Gudunsa kilomita 30 da 'yan kai, lita ɗaya da rabi ta kai ka wajen kilomita 100. In fetur ya ƙare ka ɗaga injin ka koma keke. Aibinsa ruwan sama: taya na jiƙewa dutsen ya fara santsi, inji na ihu kai kuwa kana nan. An yi fiye da miliyan 7 daga 1946 zuwa 1988. Peugeot ya biyo da 103 a 1971.

Waɗannan ne suka iso wajenmu, kuma ba mamaki, domin duk bakaniken da ya iya wanke kafireto da goge fulogi zai tayar da su. A Bobo-Dioulasso har masana'anta aka yi tana haɗa na Peugeot, P50 ya zama abin hawan Wagadugu, kafin baburan China su zo da rahusa su share kasuwar. A Najeriya sunan Peugeot ya tsaya kan mota ne saboda kamfanin da ya fara haɗa ta a Kaduna a 1975, shi ya sa da yawa ba su san yana babur ba.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi ba ni takaici, yunƙurin komawa babban babur. Motobécane da kansa ya gwada a farkon shekarun 1970 da mai cc 350, silinda uku, irin injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Babur ne mai kyau, sai dai ya fi na Kawasaki da Suzuki tsada, ya kuma faɗo daidai tashin farashin mai na 1973. Bai kai 800 ba aka tsayar. Kamfanin ya durƙushe a farkon shekarun 1980, aka sake masa suna MBK, Yamaha ya karɓe shi a 1986.

Sai BFG, haruffan farko na sunayen mutum uku, Boccardo da Favario da Grange. Tunaninsu ba na banza ba ne: ƙera sabon inji shi ke cinye jari, to me zai hana a ɗauki injin mota wanda ake yi dubbai kuma kowane gareji ya san shi? Suka ɗauki na Citroën GS, cc 1299, silinda huɗu a kwance, mai sanyaya da iska, suka gina babur a kansa kusa da Chambéry, aka fara sayarwa a 1982. Injin ba ya mutuwa, wannan gaskiya ne. Amma injin mota nauyi gare shi, babur ya doshi kilo 300, ƙarfinsa doki 70 ne kawai a lokacin da na Japan ke neman 100. Sun sa rai 'yan sanda za su saya da yawa, odar ba ta zo yadda suka zata ba. 'Yan ɗaruruwa aka yi, MBK ya karɓa ya ɗan ja, aka bari.

Voxan ne ya fi kusa da cin nasara, shi ya sa faɗuwarsa ta fi ciwo. Jacques Gardette ya kafa shi a Issoire a 1995, da kuɗin Laurent Dassault na gidan masu ƙera jiragen yaƙi. Wannan karon ba aron inji aka yi ba. Kamfanin Sodemo mai injunan tsere ya zana musu nasu, silinda biyu a tsaye kamar harafin V, cc 996, doki 100 cif, wanda shi ne iyakar da dokar Faransa ta yarda da ita daga tsakiyar shekarun 1980 har 2016. Firam ɗin Alain Chevallier ne ya yi, tsohon maƙerin baburan gasar duniya, kuma aikin gwani ne. Manyan bututu biyu suka tashi daga wuya zuwa baya, suka haɗa zubin aluminiyam biyu, na gaba shi ne akwatin iskar inji, na baya shi ne tankin baƙin mai, shokazoba kuma yana kwance a ƙarƙashin inji. Kowane ƙarfe aiki biyu yake yi. Roadster ya fito a 1999, Café Racer da Scrambler suka biyo, 'yan jaridar babur suka yaba yadda yake shan kwana.

To ina matsalar? Kuɗin ya ƙare a wajen ƙira kafin a zo wajen sayarwa. Babura suna fita a makare, 'yan matsalolin sabon kaya suna bayyana, dillali ya nemi kayan gyara ya jira. Mai saye kuwa da ya ji kamfani na tangal-tangal sai ya riƙe kuɗinsa, riƙewar kuma ta ƙara tangal-tangal ɗin. A 2001 suka shiga hannun kotu, a 2002 Didier Cazeaux ya saya ya sake gwadawa, ya fitar da Black Magic da Charade, a Disamban 2009 aka rufe. Ka yi lissafin da kanka: kuɗin zana inji da gwada shi da samun takardar amincewar hukuma kusan ɗaya ne, ko za ka yi 1,000 ko za ka yi 100,000. Honda na raba wannan kuɗi a kan babura marasa adadi a duk duniya, Voxan yana raba shi a kan 'yan ɗaruruwa a shekara, akasarinsu a cikin Faransa. Sunan yana nan, Venturi na Monaco ya saye shi a 2010, amma abin da ya koma yi neman kambun gudu ne da lantarki. A 2021 Max Biaggi ya kai Voxan Wattman kilomita 455 a awa a filin saukar kumbo na Kennedy a Amurka. Ba na sayarwa ba ne.

Bari in ɗan ratse, domin akwai ƙirar Faransa da ke yawo da sunan wasu. In ka ga babur wanda tayar bayansa hannu ɗaya ne ke riƙe da ita, ɗaya gefen a buɗe, to kamfanin mai na Elf ne ya zuba kuɗi a wannan bincike tun 1978, da injiniya André de Cortanze, don a riƙa sauya taya da sauri a tseren awa 24. Honda ya karɓi haƙƙin ƙirar ya sa a babur ɗinsa RC30 a ƙarshen shekarun 1980.

Waɗanda ke raye yau duk sun koyi abu ɗaya: ba sa shiga layin da Japanawa suke. Wanda ya fi kowa lafiya, kuma shi zan kira magajin gaskiya, Sherco ne na garin Nîmes, wanda Marc Teissier ya kafa a 1998. Ba ya yin babban babur na kwalta. Na hawan duwatsu da na daji ne babban aikinsa, da injinsa na kansa, daga cc 125 zuwa 500, yana kuma sayarwa ƙasashe da yawa. A 2009 ya haɗa da Scorpa. Daga 2015 ya yi shekaru yana shiga gasar Dakar tare da TVS na Indiya, wato mai Keke Napep ɗin nan da kuka sani. Kusa da Montpellier kuma akwai Electric Motion, mai irin waɗannan baburan amma na batir.

A ɗaya gefen akwai na masu hannu da shuni. Brough Superior tsohon suna ne na Ingila, irinsa ne T. E. Lawrence ya yi hatsarin da ya kashe shi a 1935, amma sababbin da aka fara nunawa a 2013 kusa da Toulouse ake yin su, a ƙarƙashin Thierry Henriette, har da guda 100 da suka yi da Aston Martin. Midual na Olivier Midy a Angers ya nuna Type 1 a 2014, jikinsa zubin aluminiyam guda da ake gogewa da hannu, farashinsa ya fara daga yuro 140,000. Kamar jikan MGC ne, sai dai shi ya san mutum nawa za su saya, ya sa kuɗinsa daidai da haka. Lazareth na Annecy kuwa ni ban ɗauke shi maƙerin babur ba, mai nuna bajinta ne: LM 847 ɗinsa na 2016 injin Maserati ne mai silinda takwas da doki 470, a kan taya huɗu.

Akwai kuma masu sunan Faransa da jikin wani wuri. Mash na kamfanin SIMA ne a Beaune, ya fara a 2012, a can ake tsara kamanninsa, a China ake ƙera shi. Ban ga laifin hakan ba muddin mai saye ya sani. Peugeot Motocycles yana nan a Mandeure, galibi sukuta yake yi, amma Mahindra na Indiya ya sayi kashi 51 a 2015, ya cike a 2019, a 2023 kuma ragamar ta koma hannun Mutares na Jamus. Babbar masana'antar babur da ta rage a ƙasar ita ce tsohuwar ta Motobécane a Saint-Quentin, kuma Yamaha ake yi a cikinta. Cikin abin da take fitarwa har da Ténéré 700, mai sunan hamadarku ta gabas da Agadas. Sunan ya samo asali ne daga gasar Paris-Dakar, wadda karonta na farko ya tashi a Disamban 1978 ya ratsa Agadas da Yamai, Cyril Neveu ya ci a kan Yamaha XT500, dillalin Yamaha na Faransa kuma ya matsa har aka fitar da Ténéré na farko a 1983.

Batun saye kuwa, ya danganta da abin da kake so da shi. In na zirga-zirgar yau da kullum ne, Malam, kada ka wahalar da kanka, babu ɗaya a cikin waɗannan da zai yi maka abin da Bajaj ko Haojue ke yi, domin ranar da boris ya tafi a kasuwar garinku za ka same shi. Sherco babur ne na gasa, awoyin aikinsa ake ƙirgawa a sauya mai da fistan, yana son fetur mai tsabta da matatar iska wankakkiya kullum, ƙurar hunturu da man bumburutu ba za su bar shi ya daɗe ba. Voxan ko BFG na hannu ana samu a Faransa, ƙungiyoyin masu su ne ke taimakon juna da kayan gyara, wanda ke nesa da su zai sha jira. In sha'awar tsohon ƙarfe ce ke damunka, nemi Mobylette ko Peugeot 103 ko Solex da aka jingine a wani zaure. An yi su da yawa har yau ana buga sababbin kayansu. Kafin ka biya, juya injin da hannu ka ji ko fistan bai kafe ba, leƙa cikin tanki da tocila ka ga tsatsa, duba firam wajen wuya da wajen feda ko an taɓa yi masa walda, sannan ka tabbata farantin lambar da ke jikinsa ya yi daidai da takarda. In Solex ne, ƙara da shafa dutsen nan da yatsa. In ya yi sumul sai an sauya shi kafin ya ja ka ko'ina.